Ƙiyasin hasarar girgizar ƙasa: nazari a kan tsarin HAZUS

A shekarar 1997 hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta fitar da HAZUS, tsarin kwamfuta na ƙiyasta ɓarnar da girgizar ƙasa za ta yi wa yanki guda. Aikinsa mataki uku ne: a auna ƙarfin motsin ƙasa a kowane wuri, a ƙidaya gine-ginen da ke wurin bisa irinsu, sannan a lissafta nawa ne za su tsage ko su rushe, da kuɗin sake gina su. Mun yarda cewa wannan ci gaba ne, domin hukuma tana iya sanin unguwar da ta fi rauni tun kafin masifa ta auku.

Sai dai muna da suka iri biyu.

Na farko, nau'o'in gini 36 da aka kafa tsarin a kansu na Amurka ne: katako, ƙarfe, kankare da bulo. Ginin tubalin ƙasa ba shi da nasa gurbi. Wanda ya ɗauki waɗannan ma'aunai ya aza su kan garin da yawancin gidajensa na laka ne, zai samu alƙaluma masu tsari, amma ba na garin ba.

Na biyu ya fi nauyi. A watan Janairu 1994 girgiza mai ƙarfin 6,7 ta auka wa Northridge a Kalifoniya: mutum kusan 60 suka mutu, hasara ta kai dalar Amurka miliyar 20 ko fiye. A watan Disamba 2003 wata mai ƙarfin 6,6 ta rushe Bam a Iran, garin ginin ƙasa: sama da mutum 26.000 suka rasu, amma hasarar kuɗin ba ta kusanci ta Northridge ba. Idan da kuɗi kaɗai aka auna, sai a ce Bam ta fi samun sauƙi. Dalili kuwa shi ne gidan talaka ba ya da tsada a takarda, ko da shi ne dukan abin da ya mallaka.

Mu da muka san ginin ƙasa a Damagaram da Agadas, wannan ba baƙon zance ba ne. Saboda haka muna ganin wajibi ne kowane ƙiyasi ya fara da ƙidayar gine-ginen yankin kansa, kuma ya kawo yawan rayuka da iyalan da suka rasa matsuguni daura da adadin kuɗi. Da waɗannan alƙaluma ne ake raba agaji. Wanda lissafi ya manta da shi, agaji ma zai manta da shi.