Waƙar minti uku a ƙarƙashin ƙasa

Tun shekara ta 2003, galibi cikin watan Mayu, ɗakin kiɗan nan na Cavern da ke titin Mathew a birnin Liverpool na Ingila yakan karɓi baƙuncin wani biki mai suna International Pop Overthrow. Wajen mako guda ake yi, daga rana har tsakar dare, ƙungiyoyin makaɗa fiye da ɗari suna hawa dandamali suna sauka. Wani Ba'amurke marubucin sharhin waƙa, David Bash, shi ya ƙirƙiro bikin a Los Angeles a 1998, daga bisani ya kai shi Shikago da New York da Kanada da wasu wurare. Sunan kuwa aro ne daga faifan da ƙungiyar Material Issue ta Shikago ta fitar a 1991, wadda jagoranta Jim Ellison ya rasu a 1996, shekara biyu kafin a fara bikin. Ma'anar sunan ita ce juyin mulkin da waƙar pop za ta yi wa duniya. Juyin mulkin bai auku ba, kuma duk wanda ya sauko matakalar Cavern ya san da haka.

Kiɗan da ake taruwa dominsa shi ne power pop. Pete Townshend na ƙungiyar The Who ne ya fara furta wannan laƙabi a 1967, sa'ad da yake kwatanta abin da suke kaɗawa. Zubinsa a bayyane yake: jita biyu masu ƙara, jitar bas, ganguna, da muryoyi biyu ko uku da ke haɗuwa a kan amshi. Waƙar ba ta cika wuce minti uku ba, kuma dole amshinta ya iso da wuri, ya maƙale a kunne tun jin farko. Jigon kuwa bai cika barin ƙofar gidan budurwa ba: saurayi ya ga wadda yake so, ita ba ta san yana yi ba. Ƙarfin kayan kiɗa ne ke rufe raunin mai waƙar, kuma a wannan saɓani duk daɗin salon yake.

Tarihinsa tarihin gwanaye ne da kasuwa ta juya wa baya. Ƙungiyar Big Star ta Memphis ta sa wa faifanta na farko na 1972 sunan da ke nufin faifai mai lamba ɗaya. Masu sharhi suka yaba, amma kamfanin rarrabawa ya kasa kai shi kantuna. Badfinger, waɗanda suka fito a ƙarƙashin kamfanin Apple na Beatles, su suka rubuta «Without You» da Harry Nilsson da Mariah Carey suka ci duniya da ita, amma rikicin kuɗi ya cinye su, Pete Ham ya kashe kansa a 1975, Tom Evans ya bi shi a 1983. An samu waɗanda suka dace, kamar Raspberries a 1972, da Cheap Trick, da The Knack waɗanda «My Sharona» tasu ta yi mako shida a saman jerin waƙoƙin Amurka a 1979. Sai dai nasarar The Knack ce ta sa kamfanoni suka cika kasuwa da masu kwaikwayo, har jama'a suka gundura. Mai halartar bikin Liverpool yana tsaye ne cikin magadan wannan tarihi.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne tsarin. Kowace ƙungiya tana da kamar rabin awa, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ganguna da akwatunan sauti na kowa da kowa ne, makaɗi jitarsa kawai yake hawowa da ita. Bash da kansa yakan gabatar da ƙungiya da ƴan kalmomi, ya koma gefe. Wannan ƙuncin lokaci ya dace da salon kamar yadda marfi yake dacewa da tukunyarsa. Babu damar doguwar gaisuwa, babu damar mai jita ya yi minti goma yana nuna gwanintar yatsu. Waƙa bakwai ko takwas, in akwai abin faɗa ya fito, in babu kowa ya ji. A faifai ana iya gyara muryar da ta karkace, ana iya jera murya bisa murya har ta yi kauri. A ƙarƙashin rufin bulo na Cavern, inda zafi ke sa gumi ya jiƙe riga tun waƙa ta biyu, mutum uku da ke haɗa amshi ko dai sun sha gwaji tare ko kuwa asirinsu ya tonu. Ƙungiyoyin da suka fi burgewa sau da yawa su ne waɗanda suka zo daga inda Ingilishi ba harshen uwa ba ne, irin su Siwidin da Japan da Sifen, domin su da gaske suka ɗauki abin, ba su da kunyar da ɗan Ingila ke ji in an ce yana kwaikwayon kakanninsa.

Amma mako guda yana da tsawo. Zuwa kwana na uku kunne yakan fara gane cewa rabin abin da yake ji waƙa ɗaya ce da aka sake wa riga. Juyin kari iri ɗaya ne, tafin da ke shigowa a baiti na biyu iri ɗaya ne, hatta askin kai. Ana ganin magidanta masu furfura suna rera kukan ɗan shekara goma sha bakwai, kuma ƙalilan ne daga cikinsu suka yarda su rubuta abin da ke damun mai shekara hamsin, wato aure da ya yi sanyi, da aikin da aka rasa, da iyaye da suka tsufa. Ba wai salon ba zai iya ɗaukar wannan kaya ba ne. Adam Schlesinger na Fountains of Wayne, wanda cutar korona ta kashe a 2020, ya rubuta waƙoƙin ma'aikatan ofis da masu bin mota zuwa aiki a cikin wannan zubi na minti uku, da raha da tausayi. A bikin, masu bin sawunsa ba su kai masu bin sawun 1965 yawa ba.

Wurin ma yana da hannu a ciki. Cavern na asali, inda Beatles suka yi wasa kusan sau ɗari uku tsakanin 1961 da 1963, an rufe shi a 1973 aka cike ramin. Wanda ake shiga yau an sake gina shi ne a 1984, a kan wani sashe na tsohon filin, da dubban tsofaffin bulullukan. Makaɗin da ya biya kuɗin jirgi daga aljihunsa ya ƙetaro teku don ya tsaya a nan, ziyara ya zo, kuma mai ziyara ba ya zuwa don ya sāke abin da ya tarar. Shi ya sa ake yawan yabo a wannan biki, ake ƙarancin gardama. Kashi mai yawa na ƴan kallon ma makaɗa ne masu jiran lokacinsu, kowa na tafa wa wanda zai tafa masa anjima. Zumunci ne mai kyau, amma mawaƙin da bai taɓa fuskantar taron da ke iya juya masa baya ba yana wuya ya san inda waƙarsa ta gaza.

Masu kare bikin sukan tuna cewa Kara's Flowers sun hau dandamalinsa na Los Angeles kafin su zama Maroon 5. Hujjar tana da kaifi biyu, domin sai da suka bar wannan salo suka koma wani kafin duniya ta saurare su. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce faya-fayan tarin waƙoƙi da bikin ya riƙa fitarwa shekara-shekara, na tsawon wasu shekaru ta hannun ƙaramin kamfanin Not Lame: ɗaruruwan waƙoƙin malaman makaranta da akawu da direbobi, waɗanda babu gidan rediyon da zai saka su. A cikin kowane tari akan samu uku ko huɗu da ba su da abin kunya gaban Big Star, kuma domin su ne mai haƙuri yake sake saukowa matakalar a kwana na shida.