Gani Ya Kori Ji: Sharhi Kan Wasannin Waƙa da Rawa da Suka Wuce Masu Kallo

Gabatarwa

Wanda littafi ya wuce shi bai gama asara ba tukuna. In bai samu a kanti ba zai samu aro wurin aboki, ko ya tsince shi bayan shekara ashirin a hannun mai sayar da tsofaffin littattafai, kuma abin da marubucin ya rubuta yana nan yadda ya bar shi. Wasan dandamali kuwa, da zarar an saki labule 'yan kallo sun watse, to na wannan daren ya tafi ke nan. Gobe ko da mutanen jiya ne suka sake hawa, wani wasan za a gani.

A Amurka da Ingila akwai wani nau'in wasan kwaikwayo da ake saƙa labarinsa da waƙa da kiɗa da rawa. Tauraro zai yi ta magana, in abin da ke ransa ya fi ƙarfin magana sai ya ɓarke da waƙa, makaɗa suna raka shi daga ƙasan dandamali. Cibiyoyin wannan sana'a su ne Broadway a birnin Nuyok da West End a Landan. Masoyan irin wannan wasa suna da wata tambaya da ba su gajiya da yi wa juna, wato wane wasa ne mutum ya fi takaicin rashin gani da idonsa. Sunaye kaɗan ne suke yawan dawowa a amsar. Mun ɗauki huɗu daga ciki domin mu auna abu guda: shin yawan kewar da ake yi wa wasa hujja ce ta ingancinsa? Amsar ta shafi duk mai riƙe da alƙalami.

Carrie: kewar da ƙarancin shaidu ya haifa

An gina wannan wasa kan littafin Stephen King na 1974, labarin wata yarinya 'yar sakandare da 'yan ajinsu suka mayar abin ba'a, uwarta kuma ta takura ta a gida, har ranar da aka kwara mata jinin alade a wurin bikin makaranta, ta huce fushinta kan kowa da wani ƙarfi na ban tsoro da ke jikinta. Kamfanin wasa na Royal Shakespeare ne ya fara nuna shi a Stratford ta Ingila a Fabrairun 1988. Daga nan aka kai shi Broadway, aka buɗe ranar 12 ga Mayu, aka rufe ranar 15 ga wata. Nuni 16 na gwaji da nuni 5 na sosai, shi ke nan, bayan an zuba kuɗi kimanin dala miliyan 8.

Ba a fitar da faifan waƙoƙinsa ba, kuma mawallafansa sun daɗe ba su ba kowa izinin sake shirya shi ba. Sai ya zama abin da ke yawo a hannun masoya 'yan kaset ne da aka naɗa a ɓoye, da kuma labaran baka. A 1991 Ken Mandelbaum ya wallafa littafi kan wasannin Broadway da suka faɗi, ya sa sunan Carrie a taken littafin. Tun daga nan wasan ya zama ma'aunin faɗuwa, wanda ya gan shi kuma ya sami abin tinƙaho.

To amma me aka rasa? Waɗanda suka gani sun yaba wa waƙoƙin da ke tsakanin uwa da 'ya, waɗanda Betty Buckley da Linzi Hateley suka rera. Sauran kuwa rikici ne: an yi wa 'yan makaranta tufafin da ba su yi kama da na makaranta ba, an buɗe kashi na biyu da rawar yanka alade, jinin da shi ne ƙolin labarin ma ya zama matsala domin yana lalata makirufon yarinyar. A taƙaice wasa biyu ne aka ɗinke da zare ɗaya, na tausayi da na hayaniya, kowanne yana yaga ɗan'uwansa. A 2012 mawallafan suka gyara shi aka sake nunawa a wani ƙaramin gidan wasa a Nuyok. An rage haukan, sai ga wasa matsakaici wanda bai girgiza kowa ba. A ganinmu masu kewar Carrie na 1988 kallon hatsari suka rasa, irin wanda mutane kan taru a bakin titi su yi, kuma ƙarancin waɗanda suka shaida shi ne ya ƙara masa daraja.

Merrily We Roll Along: rubutun da ya jira lokacinsa

Wannan ma faɗuwa ya yi, har ya fi zafi, domin manyan gwanaye ne suka yi shi: Stephen Sondheim ya tsara waƙa da kiɗa, George Furth ya rubuta labari, Harold Prince ya ba da umarni. An buɗe a Nuwamban 1981, aka rufe bayan nuni 16. Jigonsa abota ne da yadda neman duniya ke cinye ta. Abokai uku ne, mai tsara kiɗa da mai rubuta waƙa da marubuciya, amma an juya zubin labarin: ana farawa da su sun manyanta sun ɓata, a riƙa komawa baya fitowa bayan fitowa, har a ƙare da su matasa a kan rufin bene a 1957 suna hangen tauraron ɗan'adam na Sputnik, cike da buri. Mai kallo ya riga ya san inda burin zai ƙare, nan ne kuma zafin wasan yake.

Kuskuren yana wurin shiryawa. An ɗauko matasa, wasu ba su kai shekara ashirin ba, aka ce su fara da kwaikwayon mutane masu shekara arba'in. 'Yan kallo suka kasa gane wane ne wane, har sai da aka sa wa 'yan wasan riguna masu rubutu a ƙirji domin a bambance su. Amma kashegarin rufewa aka shiga da su ɗakin naɗar sauti aka ɗauki waƙoƙin. Wannan faifai shi ya riƙe wasan da rai. Mawallafan suka ci gaba da gyara, aka nuna shi a Kalifoniya a 1985, aka nuna a Leicester ta Ingila a 1992. Maria Friedman ta shirya shi a Landan a 2012, kuma shirinta ne ya koma Broadway a 2023 ya cika gida, ya ci lambar yabo ta Tony a 2024. Sondheim bai ga wannan ba, ya rasu a 2021.

Wanda yake takaicin rashin ganin na 1981 yana da uzuri, domin tarihi ne. Sai dai in don wasan kansa ne, wanda ya gani a 2023 ya fi shi riba. Rubutu mai ƙashi yana jure mummunan shiri, ya jira shekara arba'in.

Follies: abin da ba ya dawowa

Na uku shi ne wanda a ra'ayinmu ya cancanci kewa ta gaske. Sondheim ne kuma, tare da James Goldman, Prince da Michael Bennett suka ba da umarni. An buɗe a Afrilun 1971, ya yi nuni 522, ya ci lambobin Tony 7, duk da haka bai mayar da jarin da aka zuba ba saboda tsadar shirinsa. Labarin tsofaffin 'yan rawa ne da suka taru taron bankwana a gidan wasan da suka yi tashe a ciki, ana gab da rushe shi. Suna hira suna waƙa, inuwar ƙuruciyarsu kuma tana yawo a bayansu cikin adon da.

Rubutun yana nan, an kuma sake shirya shi sau da yawa, har da na gidan wasan ƙasa na Landan a 2017 wanda aka ɗauka aka nuna a silima. To me ya ɓace? Na farko, kamfanin da ya naɗi waƙoƙin a 1971 ya matse su a faifai ɗaya, ya datse wasu ya zubar da wasu, sai a 1985 aka shirya taro na musamman a Nuyok domin a naɗi kiɗan da ya fi cika. Na biyu, kuma shi ne babba, wasu daga cikin matan da suka hau dandamalin sun yi rayuwar da ake kwaikwaya da gaske. Ethel Shutta tana da shekara 74 a lokacin, kuma tun shekarun 1920 take wasa a Broadway. Cikin 'yan kallo ma akwai waɗanda suka san zamanin da idonsu. In irin wannan tsohuwa ta tsaya tana waƙar yarinya mai neman a ɗauke ta aiki, shekarunta suna faɗin abin da baitin bai faɗa ba. Wannan haɗuwa ta ɗan wasa da mai kallo da zamani ba a rubuta ta, ba a kuma saye ta da kuɗi.

King Kong: daren da siyasa ta tarwatsa

Kada a ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Ranar 2 ga Fabrairun 1959 aka buɗe wani wasa mai suna King Kong a babban zauren Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg, a tsakiyar mulkin wariyar launin fata. Ba labarin goggon birin fim ba ne. Laƙabin wani ɗan dambe ne, Ezekiel Dlamini, wanda ya yi suna, ya kashe budurwarsa, ya mutu a tsare a 1957. Todd Matshikiza ya tsara kiɗan, Harry Bloom ya rubuta labarin, 'yan wasan duka baƙar fata ne. Miriam Makeba ce tauraruwa, Hugh Masekela yana cikin masu busa. Baƙi da farare suka shiga zaure ɗaya suka kalla, Nelson Mandela na cikinsu a daren farko.

A wajen zubi, labarin yana da rauni. Ya fi karkata ga soyayya da kishi da rayuwar gidajen shaye-shaye, ya ratsa ta gefen dokokin da suka ƙuntata rayuwar mutanensa. Kiɗan ne ya ɗauki nauyin da labarin ya sauke. Amma kewar da ake masa ta wuce zubi. A shekarar Makeba ta bar ƙasar, aka hana ta dawowa, ba ta sake taka ta ba sai 1990. A Maris na 1960 aka yi kisan Sharpeville. Da aka kai wasan Landan a 1961 wata ce ta maye gurbin Makeba, kuma da yawa daga cikin 'yan wasan ba su koma gida ba. Matshikiza ya rasu a Lusaka a 1968. An farfaɗo da wasan a Cape Town a 2017, faifan 1959 ma yana nan, amma taron gwanayen da suka tsaya a dandamali ɗaya kafin guguwa ta watsa su, sau ɗaya aka yi shi.

Kammalawa

Daga waɗannan misalai za mu ga kewa ba alƙali ba ce. Tana rungumar wasan da ya lalace kamar yadda take rungumar gwani, domin abin da take ƙauna shi ne abin da hannu ba ya kaiwa. Aikin mai nazari ne ya tambaya: me aka rasa, rubutu ne, ko shiri, ko mutanen, ko zamanin? Sai an amsa wannan za a san ko asarar ta kai a yi mata kuka.

Akwai darasi biyu ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa. Na farko, cikin hannuwan da suke haɗuwa su tayar da wasa, na marubuci ne kaɗai yake kwana bayan an rufe ƙofa. Abin da ya sa ɗalibanmu suke karanta Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada shi ne an rubuta su an buga. Mu kanmu malaman makaranta muna da laifi a nan. Sau nawa muka shirya wasa da ɗalibai a ƙarshen zango, da waƙoƙinsa da amshinsa, iyaye suka yi ta tafi, amma ko takarda ɗaya ba mu ajiye ba? Bayan shekara biyar yaran sun tafi da wasan a bakinsu. Ya kamata a rubuta komai: magana, da baitocin waƙa, da inda waƙar za ta shigo, da dalilin shigowarta. In an samu hali a naɗi sauti da hoto, a ajiye inda za a iya nema. Ɗakin karatu na birnin Nuyok tun 1970 ya fara ɗaukar hoton wasanni yana adanawa, don gudun irin wannan asara.

Na biyu ya shafi masu sharhi. Wanda ya kalli wasa ya rubuta "ya yi kyau ƙwarai" kawai, bai bar wa na baya komai ba. Ya faɗi abin da ya gani: inda tauraro ya tsaya, abin da ya sa, inda zaure ya yi tsit, inda aka fara tashi ana fita. Hausawa sun ce gani ya kori ji, gaskiya ne. Amma mafi yawan mutanen da za su so sanin wasan ba a haife su ba tukuna, kuma ji kaɗai za su samu. Wajibi ne wanda ya gani ya ba su ji mai gaskiya.