Gasar Bournemouth, Gatan Adabin Allon Kwamfuta

Akwai labarin da takarda ba za ta iya ɗauka ba. Sai an latsa, an saurara, an zaɓi hanya, sannan ya buɗe. Masu irin wannan rubutu sun daɗe ba su da gata, domin gasannin adabi littafi suka sani.

Jami'ar Bournemouth da ke kudancin Ingila ta share musu hawaye a 2010, da ta kafa gasar New Media Writing Prize. Christine Wilks ce ta fara lashe ta da Underbelly, labarin wata mai sassaƙa da ke aiki a tsohuwar mahaƙar kwal, muryoyin matan da suka sha wuya a ramin a ƙarni na 19 suna tasowa daga ƙasa. Mai karatu ne ke yawo cikin ramukan da kansa. A 2011 Serge Bouchardon da Vincent Volckaert suka karɓi kambun.

Aikin alƙalan ba ƙarami ba ne: su auna zaƙin harshe, su duba sauti da hoto, su kuma gwada kowane maɓalli. Har ɗalibai an ware musu rukuninsu, kuma wannan ya cancanci yabo.