Tsokaci a Kan Kare Tsofaffin Gidaje Masu Jeri

A birnin Bath na Ingila akwai gidajen dutse guda 30 manne da juna, waɗanda aka gina daga 1767 zuwa 1774, ana ce musu Royal Crescent. In an ware ɗaya shi kaɗai ba zai ba mai kallo mamaki ba, domin kyansu a jerin yake. Da UNESCO ta zo a 1987, birnin ne dungurungum ta sa cikin kayan tarihin duniya.

Masu kula da kayan tarihi a ƙasar Hausa ba su riƙe wannan da kyau ba. Gaskiya ne Bahaushe da tubali da makuba yake gini, amma shi ma katangarsa ɗaya da ta maƙwabci, zaure na bin zaure har lungu ya ƙare. A Kano, alal misali, hankalin hukuma ya fi karkata ga ganuwa da Gidan Makama, alhali gidajen cikin unguwa ana ta rushe su ana mayar da bulo da kwano, zanen bango da zankwaye suna tafiya tare da su.

Agadas ta bambanta. A 2013 tsohon garin aka yi wa rajista, unguwanni 11 tare da hasumiyar masallaci mai tsawon mita 27. Sai dai rajista ba ta yin yaɓe. Ginin ƙasa kullum yana bukatar gyara kafin damina, kuɗin kuwa daga aljihun maigida yake fita. In ɗaya ya gaza, katangar da ta zube tasa ce, ta maƙwabcinsa ce kuma.