Tsokaci A Kan "Borom Sarret", Fim Ɗin Da Sembene Ya Fara Fitarwa

Gabatarwa

Marubuta da yawa suna sha'awar tsallakawa daga alƙalami zuwa kyamara. Ya dace su san yadda wani magabaci ya yi wannan tsallake. Ousmane Sembene, mutumin Senigal (1923 zuwa 2007), ya riga ya yi suna da littattafansa na Faransanci, musamman Les Bouts de bois de Dieu na 1960, sai ya lura cewa talakawan da yake rubutu a kansu yawancinsu ba sa iya karanta shi. Saboda haka, yana dab da shekara 40, ya koma ɗalibi, ya tafi Mosko koyon aikin fim a ɗakin shirya finafinai na Gorki. Da ya dawo, a 1963, ya ɗauki Borom Sarret a Dakar, baƙi da fari, tsawonsa kimanin minti 20.

Labarin A Taƙaice

Sunan fim ɗin yana nufin mai keken doki. Labarin wuni ɗaya ne. Tauraron ya yi sallar asuba ya fita nema. Ya ɗauki fasinjojin da ba su biya ba, ya kai mai naƙuda asibiti, sannan ɗan abin da ya samu wani maroƙi ya wasa kakanninsa ya karɓe. Ya ɗauki wani uba da gawar jaririnsa zuwa maƙabarta, aka hana su shiga saboda takarda, ya sauke su ya yi gaba. Daga ƙarshe wani ɗan gaye ya sa shi shiga Filato, unguwar masu hali inda aka haramta wa keken doki shiga. Ɗan sanda ya ƙwace keken, fasinjan ya shige mota bai biya ko anini ba. Ya dawo gida da doki kawai. Matarsa ta miƙa masa yaro ta fita, da alkawarin za a ci abinci a daren.

Jigo Da Salo

Babban jigon shi ne, shekara 3 bayan samun mulkin kai a 1960, tuta ta sauya amma iyakar da ke tsakanin talaka da mai hali tana nan. Abin yabo shi ne yadda Sembene ya bar hoto ya faɗi haka. A unguwar talakawa kiɗan gargajiya ake ji. Da shiga Filato sai dogayen benaye da kiɗan Turawa. Inda ɗan sanda ya taka lambar girmamawar tauraron da takalmi, babu shafi goma na huɗuba da zai kai shi nauyi.

Haka kuma bai mai da talakan waliyyi ba. Mutumin da ake zalunta, shi ma ya bar uba da gawa a ƙofar maƙabarta. Bai kuma faɗi inda matar za ta samo abincin ba, ya bar mai kallo da wasiwasi.

Inda Aka Samu Rauni

Ba a naɗi murya a lokacin ɗaukar hoto ba, daga baya aka ɗora ta, kuma da Faransanci. To, ga mutumin da ya rungumi fim don talaka ya fahimce shi, ga kuma mai keken doki yana tunani da harshen da ba shi yake magana da shi a gida ba. Sai a Mandabi, 1968, Sembene ya yi fim da harshen Wolof. Rauni na biyu, hannun marubucin bai gama sakin alƙalami ba. A kan hanyar dawowa gida, muryar ta yi ta lissafa waɗanda ke da laifi, alhali ido ya riga ya gani.

Kammalawa

Duk da haka fim ɗin ya ci lambar yabo a bikin finafinai na Tours, Faransa, a 1963, ya kuma buɗe hanyar La Noire de... a 1966. Darasi ga mai shirin fim ɗinsa na farko: ɗauki mutum ɗaya, wuni ɗaya, matsala ɗaya, da harshen da mutumin yake ji. Abin da kyamara ta nuna kuma, kada baki ya maimaita.