Alhazan Maraɗi a ma'aunin ra'i: sharhi kan littafin Grégoire

A 1986 ne Emmanuel Grégoire ya fitar da littafinsa Les Alhazai de Maradi, inda ya bi tarihin attajiran garin tun daga cinikin gujiya na zamanin mulkin mallaka har zuwa fiton kaya zuwa Nijeriya, wanda ya haɓaka lokacin yaƙin Biyafara (1967-1970). Manufar wannan sharhi ita ce mu duba abin da ra'in ilimin zamantakewa ke iya haskawa a irin wannan nazari, da inda yake gazawa.

Max Weber ya ce jarin-hujjar zamani ta ginu ne kan raba dukiyar gida da ta kasuwanci, da lissafi a rubuce, da ƙwadagon albashi. In aka ɗora alhazai kan wannan ma'auni, sai a ce duk sun kasa, alhali kuwa kayansu na ratsa ƙasashe daga Kwatano zuwa Kano bisa amana da bashi. Darajar littafin ita ce marubucin ya ɗauki kalmomin ƴan kasuwar kansu a matsayin kayan aiki: ubangida, bara, arzikin mutane. Bara ba ma'aikacin albashi ba ne. Yana hidima, ubangida kuma ya ɗauki ɗawainiyarsa, ya yi masa aure, wata rana ya ba shi jari. Abin da Pierre Bourdieu ya kira jarin zamantakewa a 1980, Bahaushe ya daɗe da raɗa masa suna.

Amma arzikin mutane kalma ce ta mai arziki. Daga zauren ubangida ake hangen dangantakar, shi ya sa ta fi kama da zumunci. A nan tambayar Marx tana da amfani: wa ke cin ribar wahalar wa? Barori nawa ne suka tsufa ba su samu jari ba? Haka nan matan da ke sana'a cikin gida ba sa shiga lissafin nazarin da ya taƙaita kan manyan attajirai.

Na biyu, tsarin da aka bayyana a 1986 ya sha girgiza. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta soki almubazzarancin bukukuwa, wanda yake ɗaya daga hanyoyin tara mutane. A nan ne tambayar Weber kan addini da tattalin dukiya ta dace da Maraɗi. An karya darajar sefa a 1994, an kuma rufe iyakar Nijeriya a 2019 da 2023.

Saboda haka muna jan hankalin ɗalibai masu rubuta kundi, waɗanda kan jibge ra'i a babin farko su manta da shi a sauran babobi. Amfanin ra'i shi ne ya ba mai bincike tambayar da zai shiga kasuwa da ita. Amsar kuwa tana bakin ubangida da baransa, kuma wajibi ne a saurari dukansu biyu.