Fred Kummerow da rigimar mai: inda ya yi gaskiya da inda ya zarce

A 2013 wani dattijo mai shekara 98 ya maka hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, a kotu. Sunansa Fred Kummerow, masanin sinadaran abinci a Jami'ar Illinois, haifaffen Berlin a 1914. Ƙorafinsa shi ne tun 2009 ya rubuta wa hukumar ta hana amfani da wani irin kitse a abinci, ta yi masa shiru. A 2015 hukumar ta yanke cewa kitsen ba shi da aminci, ta ba kamfanoni shekara uku su janye shi. Kummerow ya rasu a 2017 yana da shekara 102.

Labari ne mai daɗin ji, shi ya sa ma ya kamata ka yi hattara da shi.

Wane kitse ne? Kamfanoni kan ɗauki man ruwa, kamar na waken soya ko na auduga, su hura masa iskar haidurojin har ya ɗan daskare. Sai ya daɗe bai lalace ba, ga araha, ga daɗin sarrafawa a biskit, kek da bota ta gwangwani. A wajen daskarewar ne ake samun abin da ake kira kitsen tarans. A 1957 Kummerow ya wallafa a mujallar Science cewa ya samu wannan kitse a naman jikin mutanen da suka mutu, har da jijiyoyin jini. A lokacin ana ta tallan bota ta gwangwani a matsayin wadda ta fi man shanu lafiya ga zuciya, don haka ba a saurare shi sosai ba.

To amma lura: samun abu a jijiya ba hujja ba ce cewa shi ya toshe ta. Abin da ya ɗaure maganar aikin wasu ne. A 1990 Mensink da Katan a ƙasar Holan suka ciyar da mutane abinci da aka auna, suka ga kitsen tarans yana ƙara kolestarol mai toshe jijiya, wanda likitoci ke kira LDL, yana kuma rage mai amfani. A 1993 Walter Willett da abokan aikinsa a Harvard suka nuna alaƙarsa da ciwon zuciya a cikin dubban ma'aikatan jinya. Denmark ta taƙaita shi a 2003. Darajar Kummerow ita ce ya hango da wuri kuma ya nace, ba wai shi kaɗai ya tabbatar ba.

Inda ba na tare da shi, maganar kolestarol ce. A ƙarshen rayuwarsa ya dage cewa kolestarol ba shi ne mai laifi ba, sai wanda ya lalace da zafi ko iska, har 'yan jarida suka yi ta yayata cewa yana cin ƙwai soyayye da bota kullum. Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp sun fi son wannan ɓangaren: ga shi ya ci bota ya kai ɗari! Haba. Tsawon ran mutum ɗaya ba bincike ba ne. Masu gadon yawan LDL tun haihuwa suna kamuwa da ciwon zuciya da ƙuruciya, magungunan da ke rage shi kuma suna rage bugun zuciya. Man shanu fiye da rabinsa kitse ne mai daskarewa, manja wajen rabi, man gyada kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wannan bambancin bai goge ba don wani tsoho ya yi nasara a kan FDA.

Sai dai damuwarsa kan mai da aka gana wa wuta ta shafe mu kai tsaye. Ka leƙa kaskon masu awara da ƙosai a bakin ƙofar Kongo ko cikin Tudun Wada da yamma: man jiya ake ƙara wa sabo, har ya yi baƙi ya yi kauri yana kumfa. Ba mugunta ba ce, tsadar mai ce. Irin wannan mai yana tara sinadaran da suka lalace, ko da kitsen tarans ɗin da ke cikinsa bai kai na masana'anta ba.

Dokar NAFDAC ta mai da kitse, wadda aka sa a gazet a 2023, ta ce kitsen tarans kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Doka ce mai kyau ga abin da ke zuwa a kwali da tambari. Amma man da ake aunawa a kwalbar lemo a kasuwa, da kitsen da ake durawa a burodi da cincin, ba su da takardar da za ka karanta, kuma su ne ɗalibin Kongo ke ci safe da yamma.